Mai Kitson Ɗakin Ƙarin Ruwa

Hantsi na yi take rufe rumfar kitsonta, ko da layi a bakin ƙofa. Sai ta ɗauki jakar almakashi da reza da ɗankwalaye, ta tsallaka titi, ta shiga ɗakin da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwan magani. Ba ma'aikaciyar asibitin ba ce. Ita ma ta taɓa kwanciya a gadajen nan, ta tashi da nono ɗaya. Yanzu hannu ya fara rawa, ta ce za ta ajiye almakashi.

Yabon gwani ya zama dole, amma kada a yaudare ku, ba kowa ya so ta ba. Akwai wata uwa da har yau in an ambace ta sai ta taɓe baki.

'Yar wannan uwa tela ce, mai 'ya'ya biyu. Da maganin ya kama jikinta, sai amai da gyambon baki, gashi kuma ya soma bin matashin kai. Uwar ta riƙa tsince shi a ɓoye, ta juya madubi bango, kullum tana cewa ba komai. Ranar da telar ta taje kai ta ga abin da ya biyo mataji, ta rantse ba za ta koma asibiti ba. Da ƙyar mijinta ya lallaɓa ta ta koma.

A nan mai kitso ta same ta. Ba ta lallashe ta ba. Ta zare ɗankwali ta nuna mata furfurar da ta tsiro mata bayan nata maganin.

"Duk zai zube, har gira," in ji ta. "Ki riga shi, 'yata. Kada ki bari ya riƙa yi miki sata."

Telar ta sunkuyar da kai aka aske. Uwar na tsaye da kwanon abinci, tana kallon kan da ta yi wa kitso tun yana tafin hannu. Abincin da aka ƙi karɓa a hannunta, mai kitso ta sauya cokalin ƙarfe da na roba, don magani na sa baki ɗanɗanon ƙarfe, yarinya ta ci. Har telar ta fara kiran mai kitso Inna.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji uwar a ranta. Ta tare mai kitso a baranda, ta tambaye ta ko ita ta yi naƙudar.

"Yaya, ba ta iya kuka a gabanki, tausayinki take ji," mai kitso ta ce. "Ni kuwa ba ta jin tausayina."

Uwar ba ta huce ba. Telar dai ta ƙarasa magani. Da gashi ya tsiro har ya isa kamu, rumfar ta nufa, ba ɗakin uwarta ba. Mai kitso ta shafa kan, ta ce aski nata ne, amma kitson fari ba ta taɓa yi wa kowa ba, na gida ne. Ta kore ta. Da la'asar telar ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta. Uwar na kitso tana mitar cewa matar nan ta ɓata fatar kai da reza, hawaye na ɗiga a kan tsaga.

Mai kitso, ke ce kike shiga inda dangi suka kasa, in an warke ki ja da baya. An harare ki, kin shanye. Allah Ya saka miki, Ya ƙara miki lafiya.

Ku kuma da kuka tashi daga wannan ciwo kuka ɓoye kamar kun yi abin kunya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na ɗa namiji ma haka. Gadajen nan ba su zama wofi ba. Gobe da hantsi wata za ta taje kai, kuma mai kitso ta ajiye almakashi.