Jirgin da Yaya Ya Sayo Daga Yawuri

Ina gida wankan jego lokacin da babbar mota ta sauke jirgin a ƙauyenmu na ƙasar Goronyo, don haka komai a kan idona aka yi. Yayana ne ya sayo shi daga Yawuri. Tsohon kwalekwale ne, amma yadda yake shafa shi sai ka rantse ingarma ya samu.

Muna da tafki a bayan gari wanda gulbin Rima ke cikawa idan an saki ruwan dam. Da shi muke ci. Baba ya kamo tarwaɗa da karfasa, Inna ta yi banda, a kai kasuwa. A al'adar gidanmu, jirgin da ya sha wani ruwa ba ya taɓa namu sai an kife shi a rana, an kankare gindinsa, an babbake shi da wutar kara. Baba yakan ce kowane ruwa da mutanensa, kuma suna maƙale wa jirgi.

"Kihe shi tukuna," in ji Baba. "Ba ka san abin da yab biyo shi ba."

"Haba Baba, wanga ai zancen da na," in ji Yaya. "Mi za ya biyo katako?"

Ni dai na duƙa na leƙa. Baƙar laka ce cike da tsagogin katakon, ga ƙananan katantanwa, ga wasu saiwoyi kamar jiƙaƙƙen gashi. Duk ranar da jirgin ya sha a hanya ba su bushe ba. Da na yi magana, Yaya ya ce mai jego ta koma ɗaki. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A ranar ya tura jirgin ruwa.

Bayan damina wani ganye ya bayyana a bakin tafkin, mai kumburarren wuya da fure ruwan malmo. Mun san kainuwa tun muna yara, wannan ba ita ba ce. 'Yan mata suka dinga tsinkar furen suna wasa da shi. Abin da ya fara ba ni tsoro, tafiya yake yi. Da safe yana gabas, da la'asar ya taru a yamma, ko iska ba a yi ba.

Maza suka yi gayya suka kwashe shi, aka tsiba a gaɓa. Awaki suka sansana suka wuce. Kafin kasuwa ta zagayo ya dawo, ya fi da. Kifi ya fara tasowa ciki a sama. Daga nan ruwan ya yi shiru, babu motsin igiyar ruwa, babu tsallen kifi, sai warin ruɓa. Wata rana da tsakar rana ɗan maraƙi ya taka koren yana zaton ƙasa ce. Muna kallo ya nutse, ganyen ya koma ya rufe wurin sumul.

Yaya bai iya zama ba, ya koma Wurno yana kabu-kabu. Ko da salla, gaisuwa yake aikowa.

Bara na je gida da rani. Na iske Baba zaune a gaɓa yana gyaran komar kamun kifin da ya san ba inda za a jefa ta. Ina zaune kusa da shi wani baƙon makiyayi ya yi sallama, ya tsaya yana kallon koren da ya miƙe iyakar ganin ido.

"Baba, gonar wa ta wagga, shar haka cikin rani?"

Baba ya ci gaba da gyaran komarsa.

"Ta ɗana ta," in ji shi. "Shi yash shibka ta."