Ranar da Na Goya Baba

A Matameye, in ruwan tafki ya ja da baya, ya tafi ke nan sai wata damina. Da wannan ilimin muka je bakin teku, ni da mahaifina.

A lokacin ina cirani a Fatakwal, shi kuma ya zo aka yi masa aikin ido. Da ido ya buɗe sai ya kafe a kai shi ya ga ruwan da ake ta zuzutawa. Muka shiga kwalekwale zuwa wani tsohon gari mai benayen Turawan da, rufinsu duk tsatsa, ga igwa kwance awaki na hawa kanta. Baba ko kallo ba su ishe shi ba. Abin da ya tafi da hankalinsa shi ne wani makeken fili mai danshi a bakin gaɓa, inda ruwa ya janye.

"Kai, dubi ƙasa!" in ji shi. "Ba mai dasa ko rake? Wane irin lalaci ne wannan?"

Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a garka, ba a yi masa musu a kan ƙasa. Ya cire takalmi ya nausa ciki, na bi shi. Yana tafe yana damƙo laka yana shinshinawa. Masunta suka yi ta ɗaga mana hannu suna ihu da yarensu. Baba ya ce rowa ce kawai, suna tsoron baƙo ya gane arzikinsu. Ni ma, don wauta, na yi dariya.

Sanyi na ji a dugadugaina, na waiwaya. Innalillahi! Hanyar da muka biyo babu ita. Ruwan da ya tafi ya dawo, ba hadari, ba ko ɗigon yayyafi, kuma ta bayanmu ya zagayo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kan ka ce me ya kai gwiwa. Baba ya ɗaga ƙafa, laka ta riƙe, ya tafi zai faɗi. Na durƙusa na ce, "Baba, hau."

"Ni? A bayanka?"

"Don Allah hau!"

Ya hau. Nan wani firgicin ya same ni, wanda ya fi na ruwan: ba shi da nauyi ko kaɗan. Buhun albasa ya fi shi. Ina jin haƙarƙarinsa a gadon bayana ina kutsawa, ruwa har ƙirji, sai da wani masunci ya miƙo mana gora muka fita.

A kan tudu mutane sun taru suna ta yi mana faɗa. Na sunkuya da sauri in sauke shi, don kada ya ji kunya a idon jama'a. Sai ya ƙara ƙanƙame wuyana, ya yi magana ƙasa-ƙasa a kunnena.

"Kar ka sauke ni tukuna. Ƙafafun ba za su ɗauke ni ba."