Riɗin Da Ya Jira Asabar

Ko da zan manta komai a rayuwata, daminar da tsutsa ta cinye mana riɗi ba za ta fita daga raina ba, don ba riɗin kaɗai ta ci ba, har da gonar mahaifinmu.

Gonar tana can bayan Sabon Wuse, mu kuma muna zaune a unguwar Magajiya. Bayan rasuwar Baba, ƙaninsa, wato Baffanmu, ya matsa a sayar da ita, saboda dillalai sun fara yanka fuloti a wajen don ma'aikatan Abuja. Ni ce na tsaya kai da fata na ce ban yarda ba. Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, kuma ina jin yadda masu matsar mai ke bin ƙauyuka suna neman riɗi, amfanin da ba ya kwantai. Baffa ya dube ni ya ce, "To, sarkin noma, a yi damina ɗaya mu gani. In ya yi, gona ta zauna. In bai yi ba, kada wanda ya ƙara yi min maganarta."

Aka shuka. Amma a gidanmu ba a taɓa komai na gona sai da izinin babban wanmu, shi kuwa Yaya a Abuja yake aiki. Yana fita tun asuba, yana dawowa bayan cunkoson hanya ya gama tatse shi. Gona sai Asabar. Haka yawancin maƙwabtanmu suke noma: Asabar a yi shuka, Asabar a yi ciyawa, Asabar a zuba taki, sai ka ce da amfanin gonar aka yi wannan yarjejeniya. Injin feshin ma a wani ɗan ɗakin ajiya da ke cikin ɗakinsa yake, makulli a aljihunsa.

Riɗin ya yi kyau, wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai. Ya kai min ƙugu, ya fara farin fure. Wata Talata na je dubawa, sai na ga kan wasu tsirran a dunƙule, ganyen an naɗe shi da wani zare kamar na gizo-gizo. Na buɗe ɗaya, ga 'yar koriyar tsutsa a ciki tana ta ci abinta. Na buɗe na gaba, haka. Nan take na kira Yaya.

"Abeg, ina gaban oga," ya ce. "Ki bari sai Asabar."

"Yaya, cikin furen take shiga fa. Ka aiko makullin in samu mai feshi."

"Ke kika san maganin da za a saya? 'Yar tsutsa ce za ta cinye gona guda? Ki koma gida."

Na koma gida na samu Inna, na ce ni fa ɓalle ƙofar zan yi. Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ɗakin yayanki? Da matarsa a ciki da kayansu? A ce 'yata ta ɓalle ƙofa saboda ganye? Ki jira shi, shi ne uba yanzu." Matar tasa ma na roƙe ta, ta ce makullin ɗan ɗakin ajiyar ba ya wurinta, kuma ko yana wurinta ba ta saɓa masa.

Asabar ta zo, ashe ɗaurin auren abokin aikinsa ne a Kurmin Sarki, ba yadda za a yi a ce bai je ba. Lahadi aka wuni ruwa, ba a feshi cikin ruwa. Ya ce to, Asabar mai zuwa, ba fashi.

Da muka je, furen ya zube ƙasa, ɗan kwanson da ya fara fitowa duk an huda shi. Yaya ya goya injin ya yi ta feshi har rigarsa ta jiƙe, yana bin kunya-kunya kamar wanda ake kora. Da ya gaji ya zauna a gefen gona, bai dube ni ba ya ce, "Ashe haka take da sauri."

Da kaka, abin da muka kakkaɓe bai wuce a yi kantu a raba wa maƙwabta ba. Baffa ya zo ya zura hannu cikin kwanon, ya watsa kaɗan a baki, ya ce, "Masha Allah, akwai daɗi. Gobe masu awon fili za su je gonar." Ba wanda ya ambaci makulli. Cewa aka yi ƙaddara ce, wasu ma suka ce dama yarinya ce ta ja mutane wahala.

Yanzu ɗakunan haya ne a wurin. Har yau ina jin ana cewa riɗi da waken suya su ne noman gobe, ban kuma musa ba. Sai dai ba na mai zuwa gona sau ɗaya a mako ba ne. Abin da na koya shi ne, in kina ganin abu yana lalacewa a gabanki, ki ɓalle ƙofar. Faɗa yana wucewa, kafinta yana gyara ƙofa, amma ba wanda ya taɓa dawo min da gonar ubana.