Ranar da Na Tuttula Buta a Kan Ƙyauren Yaya

Akwai wata la'asar da ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin ita za ta fita daga raina. A shekarun aikin dam ɗin Bakolori ne, ina birkila a can, ina zaune a Talata Mafara. Ruwa ya ci ƙauyenmu na wajen Maradun har da gonar gado, sai yayana ya dawo wurina da zama. Tsohon soja ne mai surutu da barkwanci, amma tun da aka tashe mu ya koma kamar an ɗinke masa baki. Ka gaishe shi, ya ɗaga hannu, shi ke nan.

Abu ɗaya ne ke buɗe bakinsa, wasan yaƙi. Ya ce a soja ya ga manyansu suna tsara faɗa a kan yashi. Tsohon ƙyauren gidanmu, wanda ya ɗauko a ka ranar tashi, shi muke ɗorawa a kan turame biyu. Sai ya baza ƙasa, ya ja kogi da yatsa, ya gina 'yan ɗakuna. Sojojin yumɓu bakwai-bakwai, nasa ja, nawa baƙi. A watsa ƙwayar wuri huɗu, irin kuɗin nan na da, yawan waɗanda suka faɗi a buɗe shi ne takun sojanka, wanda ka cim masa ka kwantar da shi. Kafin magariba mun yi wasa uku. A nan kaɗai nake jin dariyarsa, shi ya sa ko na gaji liƙis ba na ƙin zama.

Sai dai ni ba na son a ci ni, shi kuwa kullum sai ya ci ni. Ran nan soja ɗaya tal ya rage mini, nasa biyar sun taru gindin wani tsinke da ya kafa a bakin kogi. Yana ta tsokanata: "Birkila, ina dubara? Ɗauko siminti ka tare mu mana!" Butar alwala na gefena. Ban san lokacin da na ɗauka na tuttula a kogin ba, ina ƙyaƙyata dariya: "To, na buɗe dam!"

Ruwa ya narkar da ɗakuna, ya kwashe sojoji, tsinken ya faɗi. Ni kaɗai nake dariya. Yaya ya sa yatsu cikin taɓo yana lalube, har ya ciro wata 'yar farar tsakuwa da ban taɓa kula da ita ba, ya goge ta da bakin riga.

"Ka san mi ka zuba ma ruwa?" in ji shi a hankali. "Wanga tsinke tsamiyar ƙofar gidanmu ta. Tsakuwar ga kuwa kushewar Inna. Sau biyu ke nan ruwa na cin ta."

Wata da watanni ina wasa a kan garinmu ban gane ba! Wallahi kunya da nadama suka rufe ni. Kwana tara bai ce uffan ba, haƙurin da na ba shi ma hannu kawai ya ɗaga mini.

Ranar Juma'a na ɗebo yumɓu, na zauna gina garin da kaina. A nan na gane ni ma na fara mantawa. Ina ta kame-kame sai na ji mutum tsaye a kaina.

"Kai, masallaci yamma ga rijiya ka aje shi? Gidan mutane nawa ka gina, ka mance naka?"

Ya tsuguna ya gyara, ya kafa tsinke. Sannan ya zaro tsakuwar daga aljihu ya miƙo mini: "Kai za ka aza ta." Na karɓa na ajiye ta a wurinta. Ya ce, "Watso wuri." Sau uku ya ci ni ran nan, kuma ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

Tun daga lokacin, in na ga babban mutum ya ɗauki ƙaramin abu da muhimmanci, ba na saurin yi masa dariya. Sai na fara tambayarsa me ya ajiye a ciki.