Baba Saje Tagwai, Mai Usur na Filin Makera

Shekara arba'in da ɗaya ke nan zakarun Makera ba su taɓa riga shi tashi ba. Gari na fara haske za ka ga Baba Ezekiel Tagwai ya fito da gajeren wandon kaki da ya koɗe, usur a wuya, bokiti a hannu. Yakan bi masu ƙosai da masu tuyar doya yana kwashe tokar jiya, ya wuce filin da ke bayan tsohuwar masaƙa, ya duƙa yana zana layin ƙwallo da ita, a hankali, kamar mai shirin tarbar gwamna. In ya gama sai ya busa usur sau uku. Daga nan duk mai barci a unguwar ya san nasa ya ƙare.

Bana shekararsa tamanin da biyu. Ya shiga soja yana saurayi, ya ga yaƙin basasa da idonsa, ya fito da igiya uku da wani tabo a cinya da ba ya son a tambaye shi labarinsa. Bayan nan ya yi gadi a wata masaƙa a Kakuri har ta rufe. Kowa Baba Saje yake ce masa, har matarsa Mama Rebecca in ya ɓata mata rai.

Shi ne koci, shi ne alƙalin wasa, shi ne mai ɗinke ƙwallo in ta fashe, kuma ba a taɓa jin ya yi son kai ba. Tsofaffin 'yan wasansa har yau suna ba da labarin ranar wasan ƙarshe na kofin unguwa, da ɗansa Bitrus ya kwashe wa wani ƙafa. Baba bai ko ƙifta ido ba ya ɗaga masa jan kati. Makera ta sha kashi, shi kuma ya koma gida ya tarar an rufe tukunya.

"Baba Saje, ɗan cikinka ne fa," in ji Mama Rebecca.

"A gida ɗana ne, Rebecca. A fili lamba biyar ne."

"To, ka je filin ya ba ka tuwo."

Kwana biyu yana cin burodi da shayi a bakin titi, bai janye katin ba.

Lokacin da rikici ya raba garin, maƙwabta suka kwashe kaya kowa ya koma inda danginsa suke, filin ya yi wata uku ciyawa na cinsa. Ran nan Baba ya hau kekensa har Unguwar Mu'azu, a lokacin da ba kowa ke ƙetarawa daga wannan ɓangaren gari zuwa wancan ba, ya yi sallama a gidan su Auwal, ɗan gaban da ya fi ci masa ƙwallo. Mahaifin Auwal ya fito yana kallonsa da mamaki.

"Malam, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba," in ji Baba. "Ina da wasa ran Asabar, kuma waɗanda suka rage mini ko raga aka buɗe musu ba sa ganinta. Ni zan ɗauke shi, ni zan dawo da shi. In wani abu zai same shi sai ya fara bi ta kaina."

Ran Asabar Auwal ya zo a bayan keke. Asabar ta gaba ya zo da abokansa shida.

Amma ranar da Makera ba za ta manta ba ita ce ranar katafila. Shekara tara da suka wuce, wani attajiri ya ɓullo da takarda wai an sayar masa da filin, zai jera shaguna. Wata Talata da hantsi sai ga katafila tana gurnani ta doshi turakun raga. Mata suka fito suna salati, wasu suna kiran Yesu, mazan suka tsaya cirko-cirko. Baba ya san ba shi da komai sai ƙafafunsa biyu, su ma ɗaya ta fara gardama. Ya taka har gaban ƙarfen, ya ƙame, ya busa usur da iya ƙarfinsa.

Injin ya mutu nan take. Direban ya diro, wani ƙato mai gemu, ya tsaya hannu a baya kansa a ƙasa.

"Tony?" in ji Baba. "Golana? Kai ne za ka rushe ragar da ka tsare shekara shida?"

"Baba, wallahi ban san nan aka turo ni ba. Sai da na shigo kwanar nan."

"Ka shigo kwanar kuma ba ka ga layi ba? Ka san awa nawa na yi ina zana shi? Zagaye biyar!"

Waɗanda suka gani sun rantse Tony ya yi zagayen nan cif, da takalmin aiki, wakilin attajirin na tsaye da takarda a hannu yana tambaya ko lafiya.

Baba ya san gobe za a turo direban da bai taɓa tsare masa raga ba. Saboda haka ya ce ba za a bar filin babu mutane ba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, har dattawan unguwa su kai kuka gaban hukuma. Auwal, wanda yanzu ya zama Alhaji Auwal mai sayar da taya, tumbi ya riga shi shiga ko'ina, ya cika bas biyu da mutanen Unguwar Mu'azu. Aka yi ta wasa. Masu ƙosai suka kara da masu kitso. 'Yan acaba suka kara da teloli. Rana ta huɗu 'yan wasa suka ƙare, Baba ya haɗa fastoci da limamai, aka tattare riguna aka shiga. Minti goma ba a yi ba kowa ya riƙe ƙugu yana haki. Wani fasto ya matso ya ce, "Baba Saje, ka ji tsoron Allah ka tashi wasan nan." Limamin da ke gefensa ya ce, "Abin da nake neman numfashin faɗa ke nan." Aka tashi babu ci, kuma babu wanda ya nemi ƙarin lokaci.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Da hukuma ta duba, sai aka ga takardar attajirin ta bogi ce, filin na jama'a ne. Katafilar ba ta sake dawowa ba.

Baba Saje, kai ne ka ga yaƙi, ka dawo ka ƙi yarda 'ya'yan mutane su san irinsa. Kai ne ka tara ma'aikatan masaƙa da safe bayan ta rufe, lokacin da zaman banza ke neman kai wasunsu ga kwalba. Ba ka taɓa tambayar yaro inda yake ibada ba, sai dai ka tambaye shi ƙafar da yake bugu da ita. Ƙarfen Makera, ko sunanka babu a bangon filin da ka tsare.

Watan jiya gwiwa ta ce ta gaji, likita ya ce gudu ya ƙare, sai tafiya a hankali. Aka yi masa bikin sallama, Bitrus ya karɓi aikin filin, Mama Rebecca ta yi rawa ta ce yau ta samu miji. Hutun kwana huɗu ya yi. Rana ta biyar ya bi gidajen tsofaffin unguwa yana ƙwanƙwasawa, wai likita ya ce a yi tafiya, kuma bai ce shi kaɗai ba. Yanzu su goma sha huɗu ne, masu sanda da masu hawan jini, har da wata tsohuwar nas da ke bin su a baya da abin awon jini.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara wa gwiwar nan haƙuri, ya saka wa Mama Rebecca da alheri, domin ita ma ta yi aikin soja ba tare da kaki ba. Mu kuma da muka iya zama muna cewa yaran yanzu sun lalace, kowace unguwa tana da fili da ciyawa ke ci, da yara da ke jiran wanda zai kira su. Ba sai ka taɓa riƙe bindiga ba, ba sai gwamnati ta aiko ka ba. Wannan tsoho da ƙafa ɗaya da rabi yake fita. Kai mai biyu, me kake jira?