Atikatu Mai Soso

Matar yayana ce, saboda haka ina da izinin tsokanarta, kuma na yi amfani da izinin nan har ya tsufa. Sunanta Atikatu, haifaffiyar zangon Salaga, gajeriya, mai murya kamar ta mai tallan magani. Ni Seidu direba, ni nake kwasar kwandunanta na kifi banda daga bakin tafkin Volta zuwa Yendi, wani lokaci har Bawku. Ban taɓa ɗaukar fasinja mai koya wa direba tuƙi irinta ba.

Da yayana ya rasu, kifin nan ne ya riƙe mata gida. A wani ɗan mashigi kusa da Salaga take saye hannun masunta, ta banda shi nan take. Ita da wurin kamar ɗan jinjiri da nono ne.

A shekarar fari, 1983, ruwa ya ja da baya sosai. Itatuwan da tafkin ya haɗiye tun da daɗewa suka fito tsirara, kowane da tsohon taru rataye a jikinsa. Tarun yanzu na roba ne, ba ya ruɓewa kamar na zaren auduga. In ya maƙale a kututture, masunci ya yanke abin da ya samu ya bar saura, sauran kuwa ya ci gaba da kamu ba mai ɗiba. Kifi ya shiga ya mutu, wani ya zo cinsa shi ma ya maƙale. Kowa ya gani, kowa ya yi tsaki, ba wanda ya taɓa.

Dalili shi ne dokar wurin. Tarun wani, ko ya shekara a ruwa, na mai shi ne. Wanda ya sa masa hannu ɓarawo ne, kuma hukuncin ɓarawo kora ce: ba a sayar masa, ba a saye a hannunsa.

Atikatu ta san dokar sarai. Ta nemi mai kwale-kwalen da zai taya ta, duk suka noƙe. Sai ta ɗaura zane a ƙirji, ta ɗauki lauje, ta shiga ruwa har ƙugu da rana tsaka, kowa na kallo.

Na ce mata, "Matar yaya, kifi ya ishe ki ne, kin koma kamun tsumma?"

Ta ce, "Kai dai gyara motarka, akwai kaya."

Kayan kuwa ya zo. Ta wanke tarun da toka, ta dafa shi, ta rina ja da shuɗi, ta yanka tsawon hannu biyu. Sai ga soson wanka mai kaiwa har gadon baya. Matan Yendi suka yi masa rubdugu, a Bawku har cikin kayan amare ake sawa. Masunta suka kau da kai, don lungun da ta share ya fara ba da karfasa kuma.

Haka aka tafi har wata ranar kasuwar Yendi. Wani masunci mai suna Mahamudu ya zo sayen zare, ya tsaya gaban tirenta, ya ɗaga soso ɗaya. A jikinsa akwai ɗinki da irin ƙullin da shi kaɗai yake yi. Nan ya ɗaga murya, a gaban masu manja da masu doya, ya ce mata ɓarauniya. Ina saman mota ina ɗaure kaya na ji da kunnena. Ita ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta ci gaba da ciniki.

Ya kai ƙara wurin Sarkin Ruwa Hudu, dattijon da ke shugabancin masuntan mashigin. Aka sa rana bayan sati biyu. Na ba ta shawara ta je ta ba da haƙuri a ɓoye, don in aka kore ta daga bakin ruwa, me yaranta za su ci? Ta dube ni kamar na zage ta.

Ranar zama ta sa ni na ɗauko wani babban kwando rufe da buhu. Tun kafin in sauke shi mutane suka fara toshe hanci.

Sarkin Ruwa ya ce, "Mma Atikatu, an ce kin taɓa tarun wani. Gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Rabi na ɗauka. Ga sauran rabin, jiya na ciro, na kawo wa mai shi kayansa yadda na same shi."

Ta yaye buhun. Ƙashin tarwaɗa, ƙoƙon kififiya, ƙananan karfasa da ba su kai yatsa ba, ruɓaɓɓu da waɗanda suka mutu jiya, duk a cakuɗe cikin tarun.

Ta juya wajen Mahamudu ta ce, "Ɗan'uwa, duba ƙullin, naka ne ko? To ɗauki. Kifin ma naka ne, ban rage ko ɗaya ba."

Mahamudu ba mugun mutum ba ne, zafin kai ne da shi. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙananan kifin nan. Masunci ne, ya san abin da za su zama da an bar su shekara guda. Da ya ɗago sai ya ce a hankali, "Nawa ne. Na ɗauka ya daɗe da ruɓewa."

Dattawa suka koma gefe suka yi shawara. Sarkin Ruwa ya yanke cewa daga ranar, wanda tarunsa ya maƙale ya zo ya faɗa, ya kafa sanda mai ƙyalle a wurin. In wata ya wuce bai cire ba, duk wanda ya ciro ya zama nasa. Atikatu kuma ba kora, ta ci gaba da sana'arta.

Na ɗauka an gama, har na fara naɗe tabarma. Sai ta ce, "Baba, saura ɗaya. Ba a nan aka kira ni ɓarauniya ba. A Yendi ne."

Kasuwa mai zuwa ni na ɗauki Mahamudu a gaban mota har muka isa Yendi. Ya tsaya daidai inda ya tsaya wancan karon, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga, ya ce matar nan ba ɓarauniya ba ce, shi ne ya yi kuskure, kowa ya shaida. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Da ya tafi na zo da tsokanata a baki, sai na ga ta zauna a kan buhu, ta bar masu saye a tsaye. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, tausayinta ya kama ni.

Ta ce, "Seidu, je ka sayo mini tuwo, da miya da yawa. Tun ranar da ya faɗi kalmar nan abinci bai wuce mini maƙogwaro da daɗi ba."