Sale Bai Koma wa Giya Ba

Shekara biyar ke nan da aka kai ƙanina Sale makwancinsa, a ƙarshen damina, masararsa ta bushe a tsaye ba wanda ya karya. Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Ban yi boko ba, ban san yadda ake riƙe biro ba. 'Yata Hajara ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta rage wa maganata ɗaci don tana jin kunyata.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Birnin Gwari ya san muryar Sale. Shekara goma sha tara yana kiran salla a masallacinmu. Amma kafin nan, yana saurayi, ya yi yaron mota a hanyar Kaduna, ya kuma sha burukutu, ba zan ɓoye ba. Shi da abokinsa Yohanna, ɗan Gbagyi da gonarsa ke iyaka da tamu a bakin daji. Daga baya duk suka bari. Sale ya tuba ya kama masallaci, Yohanna ya zama dattijo a cocinsu. Unguwa ta manta. Ni ce ban manta ba, don ni mace ce mai sa ido, ina kuma taƙama da haka. Matan gidanmu sun sani, ko gishiri aka ƙara a miya bayan na juya baya sai na gane.

Shekarar korona, lokacin da aka rufe masallatai, zazzaɓi ya kwantar da Sale. Tari, ciwon jiki, ga shi ba ya jin ƙamshin komai. Matarsa Rabi ta kai masa daddawa har bakin hanci, ya ce shi bai ji ba. Ba wanda ya ambaci sunan cutar, kowa na tsoron a ce a killace gidan. Muka ce mura ce mai zafi. Na karɓi jinyar da kaina, don ban yarda da hannun kowa ba. Na sa aka sayo farasitamol a kemis, da zarar jikinsa ya ɗau zafi sai in ɓalle biyu in ba shi, ba na duban ko yaushe ya sha na baya. A tunanina yawan magani shi ne yawan kulawa.

Bayan mako uku tarin ya lafa. Sai idonsa ya yi rawaya. Fitsarinsa ya yi ja kamar shayin da aka manta a wuta, abinci ya fita ransa. Na taɓa ganin irin wannan ido a wurin wani maƙwabcinmu da giya ta kashe, sai zuciyata ta fara saƙa. Rannan da hantsi na ga Yohanna ya shigo ta ƙofar baya da gora a ƙarƙashin riga. Da ya fita na shiga ɗakin, na buɗe gorar na shinshina. Tsami ya bugi hancina.

Na ce, "Sale, ladan guda? Da furfurarka?"

Ya ce, "Yaya, tsimi ne. Saiwoyi ya jiƙo mini daga daji saboda shawara. Ɗanɗana ki ji."

"Allah ya tsari bakina. Idonka ya riga ya ba da shaida."

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ke dai Yaya, da alƙali ce ke, da gidan yari ya cika."

Ban yi dariya ba. Bayan kwana biyu aka yi suna a gidan mai unguwa, mata cike da tsakar gida, wata ta tambaye ni jikin Sale. Na ce, "Jiki ai sai abin da mai shi ya zuba masa. Ya koma ruwa." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma na san abin da nake yi. Na ɗauka idan kunya ta kama shi zai bari.

Da aka buɗe masallatai, sai aka miƙa wa wani lasifikar. Ba wanda ya ce wa Sale komai, shi ma bai tambaya ba. Yakan ja jiki ya je ya zauna a sahun baya. Yohanna kuwa, yara suka riƙa yi masa ihu in ya ratso unguwa, amma bai fasa zuwa ba. Da cikin Sale ya kumbura, ƙafafu suka tasa, Yohanna ne ya ce sai Kaduna. Shi ya nemo mota, muka jira ranar da jami'an tsaro ke raka ayari, muka ratsa dajin nan kowa bakinsa da addu'a. Ni ina baya, ko kallon Yohanna ban yi ba.

A asibiti likita ya tambaya ko yana shan giya. Na buɗe baki zan amsa, Sale ya riga ni, ya ce shekara talatin rabonsa da ita. Da sakamakon jini ya fito, likitan ya kira ni. Ya ce, "Mama, akwai ƙwayar ciwon hanta a jininsa, ta daɗe, wataƙila tun yana jariri. Takan zauna shiru tana cin hanta mutum bai sani ba." Ya ce zazzaɓin nan da ya ɗauke masa jin ƙamshi, ga dukkan alamu korona ce, kuma ba huhu kaɗai take taɓawa ba, tana iya girgiza hanta, balle wadda dama ta gaji. Ya tambayi magungunan da aka ba shi. Na faɗa. Ya ce ƙwayoyin nan in sun yi yawa hanta ce ke ɗaukar nauyinsu, haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Ya ce duk 'yan gidan a gwada mu.

Aka gwada ni. Ni da ko ƙofar gidan giya ban taɓa bi ba, ƙwayar nan tana cikin jinina. Abin da na gani a idon ƙanina na kira shi zunubi, tare muka taso da shi daga ɗakin uwarmu.

Na shiga wurin Sale na kasa zama. Ya ce, "Yaya, ni na yafe tuntuni. Amma ki faɗa musu. Kada 'ya'yana su tashi ana ce musu 'ya'yan mashayi." Na ce zan faɗa. Bayan kwana tara ya cika.

Ban faɗa ba. A zaman makoki na ji mata na raɗa, suna cewa Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya koma wa, na sunkuyar da kai ina jan carbi. Na ce sai bayan arba'in. Arba'in ta wuce na ce sai shekara. Gaskiyar ita ce na fi tsoron a ce Yaya ta yi kuskure a kan a ci gaba da ce wa Sale mashayi. Duk wata shida ina zuwa a duba hantata, ina dawowa in ce wa mutane ciwon ƙafa ne ya kai ni.

Nakan tambayi kaina me Sale zai ce da zai leƙo yau. Zai tarar gonar bakin daji ta koma ciyawa, Yohanna ya baro ta saboda 'yan bindiga, yana zaune a gari. Zai ji samari a majalisa suna cewa korona ƙarya ce, ba ta kashe kowa ba a nan. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ya wuce. Amma da ya ji abin da ya faru bara, ba zai yi dariya ba. An zo neman auren babbar 'yarsa, dangin mijin suka yi bincike a unguwa, suka koma ba su dawo ba. Rabi dai ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Bai bar gida mai bene ba, bai bar shanu ba. Ya bar 'ya'ya huɗu, da aboki wanda har yau yake kawo wa Rabi doya in ta yi sabuwa, da suna wanda ni na ɓata da bakina. Sunan nan kaɗai ne abin da zan iya mayar masa.

Makon jiya aka sake yin suna a gidan mai unguwa. Na bari sai da tsakar gida ta cika, na miƙe a daidai inda na tsaya wancan karon, na faɗa. Daga nan na wuce gidan Yohanna, na durƙusa a ƙofarsa. Ya ce, "Haba Yaya, tashi, ƙasa da sanyi." Amma waɗanda suka ji maganata ta farko sun watsu, wasu Kaduna, wasu Funtuwa, shi ya sa na ce a sa a jarida.

Duk wanda ya ji daga bakina, ko daga bakin wanda ya ji daga bakina, to ya ji wannan ma. Abin da ke cikin gorar nan tsimi ne. Sale ladan bai koma wa giya ba. Ni na faɗa, kuma ba gaskiya na faɗa ba.